Antibodi, aptama ko MIP: wane tarko ya dace da gwajin gubar fumfuna a abinci?

Mai kamfanin abincin kaji da ke sayen masara tirela-tirela, da ɗan kasuwar da ke son fitar da gyaɗa daga Dawanau zuwa Turai, da ɗalibin digiri na biyu da malaminsa ya ce ya ƙera na'urar gwaji, dukkansu tambaya ɗaya ce ke hana su barci: da me za a kama gubar fumfuna a cikin hatsi, alhali ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano? Gyaɗa na iya zama tas a ido, amma tana ɗauke da aflatoksin, gubar da fumfunar Aspergillus flavus ke fitarwa. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Idan an matse mai, yawancinta a tunkuza take zama, daga nan ta shiga ƙuliƙuli ko abincin dabbobi. Saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani nau'inta mai suna M1 a cikin madara.

Duniya ta san da wannan guba ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abinci mai garin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kwantar da mutum 317 a Kenya, 125 suka rasu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya aflatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam, kuma haɗarin kansar hanta yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a ƙasashenmu.

Kowace na'urar gano guba tana da ɓangare biyu. Akwai abin da zan kira tarko, wato sinadarin da ke gane gubar ya cafke ta a cikin dubban abubuwan da ke cikin garin hatsi. Akwai kuma mai shela, wanda ke mayar da kamun zuwa launi, ko haske, ko motsin lantarki da za a iya karantawa. Mutane sun fi ruɗuwa da mai shela, domin shi ne ke da allo da maɓallai, amma tarkon ne ke yanke hukunci. Tarkuna uku ne ke takara a yau: antibodi, wanda jikin dabba ke ƙerawa, sai aptama, wato guntun zaren DNA, da MIP, wato roba mai gurabe masu siffar gubar, waɗanda ake haɗawa da hannu a ɗakin gwaji. Akwai na huɗu da ke tsakani, zan taɓo shi a gurguje.

Ma'aunan da za a ɗora su a kai

Na farko shi ne kaifin gani. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai tsaye idan jimillar aflatoksin ta wuce maikirogiram 4 a kilo, kuma nau'in B1 kaɗai kada ya wuce 2. Amurka ta tsaya a 20. A madara kuwa iyakar Turai 0.05 ce. Don a gane ƙanƙantar abin: a ma'aunin 4, tirela mai tan 30 ba za ta ƙunshi fiye da miligiram 120 na gubar ba, abin da bai kai rubu'in ƙwayar farasitamol ɗaya ba. Tarkon da ba ya iya ganin wannan ba shi da amfani ga mai fitar da kaya.

Na biyu shi ne tantancewa, wato kada ya kama abin da ba shi aka aike shi ba. Garin masara na da mai, da sitaci, da launi. Barkono da citta kuwa sun fi kowa rikita gwaji saboda yawan sinadaran da ke cikinsu.

Na uku juriya. A watan Afrilu zafin Kano ko Maraɗi yana haura digiri 40, wuta kuma ba tabbas. Abin da sai a firji yake rayuwa yana da matsala tun kafin a buɗe kwalinsa.

Sai farashi, na farawa da na kowane gwaji; sai sauƙin aiki; sai haɗari ga mai aikin da kuma haɗarin samun sakamakon ƙarya. Na ƙarshe, wanda masu bincike suka fi mantawa, shi ne ko mai saye da hukuma za su yarda da sakamakon.

Antibodi

Shi ne tsohon hannu. Gwajin ELISA, wanda ke amfani da antibodi ya ba da amsa ta sauyin launi, ya fito a 1971, sannan a 1975 Köhler da Milstein suka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak daga ƙwayoyin halitta da ake reno a kwalba. Aflatoksin ta yi ƙanƙanta da yawa, jikin dabba ba zai kula ta ba, don haka sai an ɗaure ta a jikin babban furotin kafin a yi wa ɓera ko zomo allurarta. Aiki ne na watanni, amma mai saye ba ruwansa da wannan wahala, domin kamfanoni irin su Neogen, Romer Labs, VICAM, R-Biopharm da Charm sun riga sun gama, suna sayar da tsinken gwaji mai kama da na gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Wajen kaifin gani da tantancewa, har yanzu shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ana niƙa hatsi, a girgiza shi da metanol, sinadarin da ke fitar da gubar daga garin, da ruwa, ko da wani ruwa na musamman da kamfanin ya bayar, a tace, a tsoma tsinke, cikin mintuna kaɗan a samu amsa. Yaron shago mai natsuwa zai koya a yini ɗaya. Sai dai akwai inda sababbin hannu ke faɗawa rami: a irin wannan tsinke, layin gwaji dushewa yake yi idan guba ta yi yawa, yana fitowa raɗau idan babu. Wanda ya saba da tsinken zazzaɓi sai ya karanta abin a birkice, ya kori kaya masu kyau, ya karɓi gurɓatattu. Shi ya sa na fi son a haɗa da ƙaramar na'urar karantawa mai ba da lamba, duk da cewa kuɗinta ya ninka na tsinken nesa ba kusa ba.

Rauninsa shi ne furotin ne, kuma furotin idan zafi ya lalata shi ba ya dawowa, kamar ƙwan da aka dafa. Yawancin kwalayen ELISA ana ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wasu tsinkayen suna jure zafin ɗaki, amma ɗakin da masu ƙera su ke nufi ba shagon kwano ba ne a tsakiyar bazara. Suna da ranar lalacewa, da dala ake sayensu, kuma kowane tsinke sau ɗaya ake amfani da shi. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda ke da tasha a Kano da kuma Sadore kusa da Yamai, ta samar da gwajin ELISA mai rahusa da manoman gyaɗa na Malawi suka amfana da shi, abin da ke nuna cewa tsadar ba dole ba ce. A ɓangaren amincewa kuwa babu mai kamo ƙafarsa: tsinkaye da yawa suna da shaidar ƙungiyar AOAC mai tantance hanyoyin gwaji, ko ta ma'aikatar noma ta Amurka.

Aptama

Aptama ɗan guntun zaren DNA ne ko RNA, wanda ke naɗewa ya yi wata siffa da ke rungumar gubar. Hanyar zaƙulo shi, mai suna SELEX, ta fito a 1990 daga ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Tuerk da Gold, da na Ellington da Szostak. Ana zuba tarin zaruruwa daban-daban marasa adadi a kan gubar, a wanke waɗanda ba su kama ba, a ninka waɗanda suka kama, a maimaita sau da yawa har gwanayen su rage. Ba a buƙatar dabba ko ɗaya. Aptama ta farko ta gubar fumfuna ita ce ta okratoksin A, gubar da ke addabar kofi, da zabibi, da alkama, wadda Cruz-Aguado da Penner suka wallafa a 2008. Mai haruffa 36 ce, wato tubalan da ke jere a zaren DNA, kuma ita ce aka fi gina na'urorin gwaji a kanta har yau. Daga baya aka samu na aflatoksin B1 da M1, da fumonisin, da sauransu.

Abin da ke burge ni game da aptama shi ne rubutu ce. Da zarar an san jerin haruffanta, sai a aika wa kamfanin da ke haɗa DNA, ya turo ta a bushe cikin ɗan bututu. Wadda aka haɗa bana daidai take da ta baɗi, kuma ɗan abin da ke cikin bututun zai yi gwaji mai yawa. A bushe tana jure tafiya ba tare da ƙanƙara ba. Ko zafi ya warware ta, idan ta huce a cikin ruwan da ya dace sai ta sake naɗewa ta koma aiki. Ana iya maƙala mata alama mai haske, ko a dasa ta a kan farantin zinare ta yadda naɗewarta za ta sauya motsin lantarki, ko a haɗa ta da ƙurar zinare mai juyawa daga ja zuwa shuɗi. Ga mai son ƙera sabuwar na'ura da ɗan kuɗi, wannan babbar dama ce.

To amma akwai gyara. Aptama 'yar lele ce wajen ruwan da take aiki a ciki. Ta okratoksin, alal misali, sai da kalsiyam take kamu sosai. Gishiri ya sauya, ko tsami ya sauya, ko metanol ya yi yawa, sai siffarta ta karkace. Da yake da metanol ake fitar da aflatoksin daga hatsi, dole a sirka ruwan sosai, kuma sirkin yana rage kaifin gani. A ɗanyen abinci akwai sinadaran da ke cin zaren DNA, RNA ma ta fi saurin lalacewa. Shi ya sa alƙaluma masu ban mamaki da ake gani a takardun bincike, waɗanda aka samu a tsabtataccen ruwan gwaji, sukan ragu idan aka kawo garin masarar kasuwa.

Akwai matsala mafi nauyi, wadda ya kamata kowane ɗalibi ya ji kafin ya kashe kuɗinsa. Wasu aptamomin da aka wallafa don ƙananan sinadarai, da aka sake auna su da hanyoyi masu tsauri, an tarar ba sa kama abin da aka ce suna kamawa. Sauyin launin da aka gani ya fito ne daga manne wa ƙurar zinaren da sinadarin ya yi da kansa. Don haka duk wanda zai yi aiki da aptama ya sayi ta biyu wadda aka hargitsa haruffanta, ya gwada su kafaɗa da kafaɗa. Idan hargitsattsiyar ma ta ba da amsa, to ba aptamar ce ke aiki ba. A kasuwa kuwa kayanta kaɗan ne. Kamfanin NeoVentures na Kanada ya fitar da kayan gwaji na aptama don okratoksin da aflatoksin, amma ba su yaɗu kamar tsinkayen antibodi ba.

MIP

Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya riga ya fahimci MIP. Suna danna tukunya a cikin yashi, su cire ta, gurbinta ya zauna daram. Haka ake yi a nan, sai dai a ma'aunin da ido ba ya gani: ana cakuɗa gubar da sinadaran roba, a bar su su daskare kewaye da ita, sannan a wanke ta, a bar gurabe masu siffarta. Günter Wulff na Jamus ya fara wannan a 1972, Klaus Mosbach na Suwidin ya sauƙaƙa hanyar, kuma a 1993 ɗakin bincikensa ya nuna cewa irin wannan roba za ta iya tsayawa a madadin antibodi wajen auna magani a jini.

A juriya babu na biyunsa. Roba ce, ba ruwanta da firji, tana jure zafi, da asid, da sinadaran da ke narkar da furotin, tana shekaru a kan kanta ba ta sauya ba, kuma sau da yawa ana wanke ta a sake amfani da ita. Sinadaran haɗa ta masu araha ne. Metanol da ke takura wa antibodi da aptama, ita ba ya damun ta. Idan da juriya kaɗai ake dubawa, da an ce don yanayinmu aka yi ta.

Inda take faɗuwa shi ne tantancewa. Guraben ba sa fitowa iri ɗaya: wasu sun yi daidai, wasu sun yi faɗi, wasu sun nutse a can ciki inda guba ba ta kaiwa da sauri. A cikin ruwa zalla takan manne wa duk abin da ke da maiƙo. Saboda haka dole a haɗa tagwayenta, wato roba iri ɗaya da ba a sa gubar a ciki ba, a kwatanta. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne ainihin aikin gurbi, kuma wani lokaci bambancin bai taka kara ya karya ba.

Sai kuma matsalar yoyo. Komai wanki, ɗan ragowar gubar da aka yi zubin da ita yakan maƙale, daga baya ya fito a lokacin gwaji, sai a ɗora wa hatsi mai tsabta laifin da ba nasa ba. A ma'aunin maikirogiram wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi tsantsar aflatoksin tana da tsada, kuma riƙe ta da yawa a ɗakin gwajin da ba shi da kayan kariya ganganci ne da rai. Mafitar ita ce a yi zubin da wani sinadari mai kama da ita wanda ba shi da haɗari. Ga aflatoksin an saba amfani da 5,7-daimetoksikumarin. Yoyon ya daina ɓata lissafi, amma gurbin bai zama nata sak ba.

Wurin da MIP ya riga ya kafu shi ne tace samfur kafin a kai shi babbar na'urar ɗakin gwaji irin HPLC, mai rarrabe sinadarai ta auna kowanne. Kamfanin Affinisep na Faransa yana sayar da bututun tacewa na MIP don gubobin fumfuna irin su okratoksin, da zeralenon, da fumonisin, da patulin. Patulin ɗin nan, gubar ruɓaɓɓiyar tuffa da Turai ta kayyade a maikirogiram 50 a kilo na ruwan 'ya'yan itace, ƙanƙanuwa ce ƙwarai har samar mata da antibodi mai kyau ya daɗe yana ba masana wuya. A nan roba ta yi wa furotin fintinkau. Amma a matsayin na'urar hannu da za a shiga kasuwa da ita, yawancin aikin yana ɗakunan bincike tukuna.

Na tsakani: nanobodi

A 1993 masana a Burusel suka bayyana cewa raƙumi da danginsa suna da wani irin antibodi na daban, wanda ɓangarensa mai kamu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na girman antibodin da aka sani ba. Ana ɗauko wannan ɓangare a sa ƙwayoyin bakteriya su riƙa ƙera shi. Ya fi antibodin gargajiya jure zafi da metanol, kuma an samar da shi don aflatoksin da okratoksin. Rabin na halitta ne, rabin na hannu. Samun sa a kasuwa bai da sauƙi, kuma samar da shi daga tushe yana buƙatar ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta cikakke.

| Ma'auni | Antibodi | Aptama | MIP |
|---|---|---|---|
| Kaifin gani | Babba, an tabbatar | Babba a tsabtataccen ruwa, yana raguwa a abinci | Matsakaici, ya danganta da mai shela |
| Tantancewa | Mafi kyau | Mai kyau idan zaren na gaske ne | Mafi rauni |
| Jure zafi | Rauni | Mai kyau a bushe | Mafi kyau |
| Jure metanol | Kaɗan | Kaɗan | Sosai |
| Kuɗin tarkon | Mafi tsada | Araha bayan an san haruffa | Mafi araha |
| Sauƙin aiki | Tsinke a shirye | Sai wanda ya samu horo | Sai mai ilimin sinadarai |
| Babban haɗari | Lalacewa a zafi, karatu a birkice | Zaren da ba ya kamu | Yoyo da kamun abin da ba shi ba |
| Amincewar hukuma | Mai faɗi | Kaɗan | A matsayin matacin samfur |

Abin da teburin bai nuna ba

Aflatoksin ba ta bazuwa daidai a cikin kaya. Ƙwayar gyaɗa ɗaya tak a cikin dubbai na iya ɗauke da gubar da za ta kayar da buhu guda. Wanda ya soka bututu a buhu ɗaya, ya ɗebi tafin hannu, ya gwada da na'ura mafi tsada a duniya, caca ya yi. Dokar Turai ta ce a babban kaya na gyaɗa a ɗebo daga wurare 100, a haɗa kilo 20, a niƙe kafin a cire ɗan abin da za a auna. Kuskuren ɗiba ya fi kuskuren tarko girma, don haka injin niƙa mai kyau da sikeli na gaskiya suna gaba da kowace na'ura a jerin sayayya. Na ga mutane suna gardama a kan wane tsinke ya fi, alhali samfurinsu bai cika gwangwanin madara ba, kuma abin yana damu na, domin wannan masarar ce ake dama wa yara koko da ita.

Wa ya dace da wanne

Idan kai mai sayen hatsi ne, ko mai injin abincin kaji, kana son ka ce a sauke ko kada a sauke kafin direba ya gama sallar azahar, ɗauki tsinken antibodi da na'urar karantawa. Tabbatar an tantance tsinken a kan irin kayanka, domin na masara ba lallai ya yi wa citta ba. Tanadi ƙaramin firji mai aiki da hasken rana, kuma kada ka sayi fiye da abin da za ka ƙarar kafin ranar lalacewarsa.

Idan fitar da kaya za ka yi, tsinken na tacewar farko ne kawai. Takardar da mai saye zai karɓa sai ta fito daga ɗakin gwaji mai shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, wanda ke aiki da HPLC ko makamanciyarta.

Idan kana riƙe da irin wannan ɗakin gwaji, kuma bututun tacewa na antibodi suna cin kuɗi ko suna lalacewa kafin su iso, gwada na MIP a gefensu, musamman ga okratoksin da zeralenon. Ga patulin a ruwan tuffa kuwa da MIP za ka fara. Ga aflatoksin M1 a madara, inda iyakar ta yi ƙasa ƙwarai, zauna a kan antibodi.

Idan ɗalibi ne kai mai son ƙera na'ura, kuma kana da ƙaramar na'urar auna motsin lantarki, fara da aptamar okratoksin, domin ita aka fi sani, sai ka koyi hannu kafin ka koma kan aflatoksin B1. Sa hargitsattsen zare a cikin kasafinka tun ranar farko, kuma ka gwada da garin masara ko gyaɗar da ka sayo da kanka a kasuwa, ka kwatanta da sakamakon HPLC. Idan sashenku na sinadarai ne, ba ku da firji mai tabbas, MIP mai zubin sinadari marar haɗari ya fi dacewa da ku, tare da tagwayensa marar gurbi a kowane gwaji.